Zauren Tambaya: In sa GCC ɗin da ba a sake shi ba a kwamfutata?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku, kuma tun bara Fedora nake amfani da ita. Abokina ya ce in koma Rawhide don in samu sabon GCC tun kafin a sake shi. Na gwada a kwamfutarsa, sai wata 'yar manhaja da na rubuta da harshen C, wadda ke aiki lafiya lau a wajena, ta ƙi haɗuwa, kurakurai suka cika allo. Me ya sa masu Fedora ke ba mutane abin da bai nuna ba? Laifina ne ko na GCC? Kuma in sa shi a tawa kwamfutar?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai gaggawa. Kada ka mayar da kwamfutar da kake karatu da ita zuwa Rawhide. Amma gwajin ka yi shi, zan faɗa maka yadda ake yi ba tare da ka taɓa komai naka ba.

Saboda sauran masu karatu: GCC kwamfaila ne, wato manhajar da ke karɓar abin da mutum ya rubuta da harshen C ko C++ ta juya shi zuwa umarnin da injin kwamfuta ke ganewa. Richard Stallman ne ya fitar da shi a 1987, kuma babban ɓangaren abin da ke cikin Fedora da Debian, nau'o'i biyu na Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ta hannunsa ya bi. Sau ɗaya a shekara ake fitar da babban sabon bugu, wajen Afrilu ko Mayu. Kafin nan, tun a watan Nuwamba masu aikinsa kan rufe ƙofar ƙara sabon abu, a Janairu kuma sai gyaran abin da ya lalace kawai. A daidai wannan lokacin ne Fedora ke ɗauko shi ta sa a Rawhide, reshen da ake gina bugu mai zuwa a kansa, sannan ta sake haɗa manhajojinta sama da 20,000 da shi tun daga tushe. Shi ya sa Fedora 40 ta fito ranar 23 ga Afrilu 2024 ɗauke da GCC 14, alhali GCC 14.1 bai fito a hukumance ba sai 7 ga Mayu. A 2025 ma haka aka yi: Fedora 42 ta riga GCC 15.1 da kwana goma.

Ka ce me ya sa. Masu GCC suna da dubban gwaje-gwaje nasu, amma su suka rubuta su, kuma mutum ba ya gwada abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba. Manhajoji dubu ashirin kuwa, wasu an rubuta su shekara talatin da suka wuce, wasu jiya, kowace da halin mai ita. Idan aka bi da su ta cikin sabon kwamfaila, aibin da ya ɓuya sai ya fito fili tun ana da wata uku a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Debian ma tana yin irin wannan: tana ajiye sabon GCC a sashenta na gwaji, a haɗa komai da shi, sannan a tura wa mai kula da kowace manhajar da ta gaza rahoto. Gentoo kuma, wani nau'in Linux ɗin, tana barin mutum ya ajiye bugu biyu ko uku gefe da gefe ya zaɓi wanda yake so.

Damuwarka tana da asali, domin an taɓa yin ɓarna. A 2000 Red Hat Linux 7.0 ta fito da wani abu da ta kira GCC 2.96, wanda aka yanko daga tsakiyar aiki. Abin da aka haɗa da shi a C++ bai jitu da na 2.95 ba, bai kuma jitu da na 3.0 da ya fito a 2001 ba, har sai da masu GCC suka fitar da sanarwa cewa ba su taɓa sakin bugu mai wannan lamba ba. Yanzu tsarin ya bambanta. Ana ɗaukar sa ne bayan an rufe ƙofa, kuma Jakub Jelinek, wanda ke kula da GCC a Fedora, yana cikin masu alhakin sakin GCC ɗin kansa. Ni ina ganin wannan aikin na Janairu yana cikin manyan alheran da Fedora ke yi wa duk mai amfani da Linux, har da wanda bai taɓa sa ta ba.

Yanzu batun laifi. Ban ga rubutunka ba, amma daga abin da na sha gani, yawanci laifin na rubutun ne. Tsohon kwamfaila yana kawar da kai, sabon ya daina. GCC 10 ya daina yafe wa wanda ya ayyana abu ɗaya a fayiloli da yawa ba tare da extern ba. GCC 14 ya mayar da wasu gargaɗi kurakurai: kiran aiki (function) da ba a ayyana shi ba, wanda ƙa'idar C ta soke tun 1999, da cusa lamba inda ake jiran mai nuni (pointer). GCC 15 kuma ya koma ƙa'idar C23, inda bool da true da false suka zama kalmomin harshen kansa, baka biyu da babu komai a ciki, wato (), kuma suka koma nufin cewa aikin ba ya karɓar komai.

Wannan na ƙarshe ya same ni. Ina da wata manhaja da na rubuta wa wata makarantar Islamiyya don lissafin kuɗin wata, shekara da shekaru tana aiki. A saman fayil ɗin na rubuta typedef int bool, kamar yadda aka koya mana a lokacinmu. Da na bi da ita ta GCC 15, a wannan layin ta tsaya. Na goge shi, na sa stdbool.h, sai wani kuskuren ya fito a ƙasa: wani aiki da na ayyana da baka wofi amma nake tura masa abu biyu, ɗayansu ma ba irin wanda yake jira ba. Shekarun nan duk sa'a ce ta riƙe lissafin mutane. Na ji nauyin abin ƙwarai, na kuma gode wa Allah da ya fito a kan teburina kafin ya fito a takardar kuɗin wani uba.

To ga yadda za ka rarrabe. Sake haɗa manhajar da -std=gnu17. Idan ta wuce, sauyin ƙa'ida ne, sai ka gyara rubutunka, kada ka bar wannan tutar ta zama wurin ɓuya. Idan ta haɗu amma tana ba da amsar banza da -O2 (tutar da ke sa GCC ya ƙara wa manhaja sauri), tana kuma daidai da -O0 (wadda ke kashe hakan), kada ka yi saurin zargin GCC. Gwada -fsanitize=undefined,address tukuna, domin sau da yawa karanta abin da ya wuce iyakar jeri ne ke jawo hakan. Inda babu shakka shi ne idan GCC da kansa ya faɗi ya rubuta "internal compiler error". Wannan nasu ne, ko da rubutunka ya karkace, kuma suna son su ji.

Hanyar gwaji ita ce kwantena, wato keɓaɓɓen wuri a cikin kwamfutarka inda wani tsarin ke aiki ba tare da ya taɓa naka ba. A Fedorarka ta yanzu rubuta podman run -it fedora:rawhide, idan ka shiga sai ka ce dnf install gcc, ka kwafo fayilolinka ciki. 'Yan ɗaruruwan megabait zai ci, sau ɗaya. Na san tsadar data a hannun ɗalibi, kuma wannan na cikin dalilan da na hana ka Rawhide gaba ɗaya: bayan babban haɗin Janairu kusan kowace manhaja sai an sake sauko da ita, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar sabuntawa, batir ya mutu, kana iya wayar gari da kwamfutar da ba ta tashi ana saura mako ka miƙa aiki. Kwantena kuwa in ta lalace, goge ta za ka yi.

Idan ka ci karo da aibi na gaske, ƙara -save-temps a umarninka, zai bar maka fayil mai ƙarewa da .i. Rage shi iya yadda za ka iya, har ya rage layukan da ke jawo faɗuwar kawai. Haɗa da abin da gcc -v ya nuna da cikakken umarnin da ka bayar, ka duba Bugzilla ta GCC, shafin da ake kai rahoton aibi, ko wani ya riga ka, in babu ka shigar da Turanci mai sauƙi. Ba a tambayar digiri a wurin, kuma rahoton da ya zo a Fabrairu yana iya samun gyara kafin a saki bugun.

Turo mini layuka biyar na farko na kurakuran da ka gani a kwamfutar abokinka. Na farkon shi ne mai muhimmanci, sauran galibi shi ya haife su. In Allah ya kai mu mako mai zuwa sai mu duba su tare a nan.