Tambayoyinku kan waya: Sifaniyanci da yawon ƙarshen mako

Tambaya: Malam, a ina zan samu alamar tambaya mai kai ƙasa (¿) da harafin ñ a wayata? Daga wani ɗan kasuwa a Madrid.

Amsa: Suna nan a gabanka, Alhaji. Danna alamar tambaya ka riƙe, ¿ za ta fito. Haka ñ, ka riƙe n. In rubutun zai yawaita, ƙara Español (Sifaniyanci) cikin harsunan Gboard, allon rubutu na Google a waya.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Granada. Na so tambayar abokiyar karatuna ko tana da shiri ranar Asabar mu je Alhambra, tsohuwar fadar tarihi ta garin. Na rubuta da Hausa a Google Translate, na tura mata abin da ya ba ni, sai ta amsa da dariya. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Wayarki lafiyarta ƙalau, 'yar'uwa. Na san abin da kika yi: sai da kika jero sallama da ban gajiya da "ya mutanen gida" kafin ki zo kan magana, kika ɗora wa na'ura duka. Wannan ɗabi'ar ta kwafa a liƙa ba tare da an duba ba tana ci mini tuwo a ƙwarya. Manhajar ba ta san wa kike yi wa magana ba. Sifaniyanci yana da tú na sa'a da aboki, da usted na girmamawa, kuma tana iya ɗauko miki na biyun, ki yi wa ƙawarki magana kamar kina gaban shugaban jami'a. Ba dole ta yi dariya ba?

Jimlolin da kike bukata ba su kai a wahalar da intanet ba. ¿Qué vas a hacer el sábado? wato me za ki yi ranar Asabar. ¿Tienes planes para el fin de semana? ko kina da shiri a ƙarshen mako. Gayyatar kanta: ¿Te apetece ir a la Alhambra? In ta ce vale, ta yarda, sai ki bi da ¿A qué hora quedamos? don ku tsayar da lokacin haɗuwa. Ba a furta h a hacer da hora, qu kuma k ce.

Ga abin da nake nanatawa kullum: rubuta jimla ɗaya gajera, danna alamar lasifika ki saurara, ki maimaita da babbar murya, sannan ki naɗi muryarki ki tura wa kanki a WhatsApp ki ji bambancin. Wadda ta zauna, ki adana ta a Google Translate. Ki kuma sauke Sifaniyancin tun kina kan wifi na makaranta.

Kada ki manta da ¿Tienes entrada? domin tikitin Alhambra yakan ƙare da wuri. Da sunan mutum ake yankarsa, ana duba fasfo, kuma shiga fadojin Nasirawa, tsoffin sarakunan Granada, da sa'ar da aka rubuta a jiki ne. Ki saya a shafin hukumar wurin, ba tallan farko da Google ya nuna miki ba.

Tambaya: Duolingo, dandalin koyon harsuna a waya, yana koyar da Sifaniyanci da Hausa?

Amsa: A'a. Sai ka bi ta wani harshe, kamar Turanci ko Faransanci. Kuma minti 5 a rana ba zai yi maka hira ba, nemi mutum ka buɗe baki.