Lambun furanni a Ingila: aikin da ake yi tun sanyi bai ɗaga ba

Yawancin tambayoyin wannan karo daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila suka fito, kuma duk a kan abu ɗaya ne: ɗan filin bayan gida da ke kwance cikin sanyi da taɓo a watan Janairu, da sha'awar mayar da shi irin lambun ƙauyen Turawa, wanda furanni ke cika shi maƙil har su zubo kan hanya. Na haɗa su wuri guda, na ƙara da wata daga Kano.

Wata Hajiya daga Birmingham ta ce: "Malam, mun samu gida mai ɗan fili a baya, ba komai sai ciyawa da katangar katako. Ina son lambu irin na ƙauyukan nan. In je in sayo furanni yanzu, ko in jira?"

Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Abin da kike gani kamar an watsa iri ne kawai ya fito yadda ya ga dama, tsara shi aka yi, kuma a irin wannan watan na Janairu ake tsara shi. Tun ran gini ran zane.

Asalin wannan lambu na talaka ne. Leburorin gona a ƙauyukan Ingila suna da ɗan fili a jikin gida, sai su cusa masa duk abin da gida ke buƙata: kabeji, albasa, dankali, wake, ganyayen magani, itacen tuffa, wani ma har da amyar zuma, furanni kuma su cike gurbin da ya rage. Daga baya ne masu hali suka ɗauka. Gertrude Jekyll, wadda ta rasu a 1932, tana cikin waɗanda suka kai salon manyan gidaje, kuma lambun Sissinghurst da ke Kent, wanda Vita Sackville-West da mijinta suka fara a 1930, har yau mutane na zuwa kallonsa. Duk wadda ta tashi a gidan da ake shuka kuɓewa da yakuwa da lalle a bayan ɗaki, kabewa na hawan danga, ta riga ta san tsarin: ba a barin ƙasa tsirara, kuma na ci da na ado zaune suke tare.

Ki fara da rana. Ki buɗe kamfas na wayarki ki ga ina kudu yake. Gefen da ke fuskantar kudu shi ne mai rana, jikin katangar da ke fuskantar arewa kuma inuwa ce kusan duk shekara. Amma kada inuwar Janairu ta ruɗe ki. A Landan, tsakar rana a Disamba rana ba ta wuce digiri 15 daga ƙasa, a Yuni kuwa tana haura digiri 60, don haka wurin da inuwar gida ta rufe yau yana iya zama wurin da ya fi ko'ina rana a tsakiyar shekara. Yawancin furannin da kike so suna buƙatar awa shida na rana a lokacin girmansu. Maƙwabtan da suka daɗe a layin sun san inda rana ke faɗawa, tambayarsu ta fi zato.

Sai ƙasa. Ɗebi dunƙule mai laima ki murza a tafin hannu. In ta mulmulu ta yi santsi, laka ce, tana riƙe ruwa, tana jinkirin ɗumama. In ta wargaje, mai rairayi ce, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Maganinsu ɗaya: ruɓaɓɓen taki mai yawa. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki tattake laka ko ki haƙa ta tana jiƙe, don za ta dunƙule ta yi tauri, ki sha wahalarta har shekara ta ƙare. Hanyar da na fi so ga mai fara lambu a kan ciyawa ita ce wadda manomin nan na Somerset, Charles Dowding, ya yaɗa, wato ba haƙa. Ki shimfiɗa kwali a kan ciyawar bayan kin cire salatif, gefe ya hau kan gefe don kada haske ya shiga, ki zuba taki mai kaurin santimita 10 ko fiye a kai. Ciyawar za ta mutu a ƙasa, tsutsotsin ƙasa su ja takin ciki, kwalin ya ruɓe. In kin yi shi yanzu, zuwa Afrilu kina iya dashen masu jure sanyi.

Wurin faɗin fangali ne mutane da yawa ke yin kuskure. Sai su yanki ɗan siririn layi a jikin katanga, bai fi taku ɗaya ba, su jera furanni ɗai-ɗai, sannan su yi mamakin bai yi kama da abin da suka gani ba. Fangalin jikin katanga ya kai mita ɗaya, in da hali ɗaya da rabi, don a samu na baya, na tsakiya da na gaba. Gara fangali ɗaya mai faɗi da uku sirara. Ki zana shi a takarda, ki zaɓi iri shida ko bakwai kawai, kowane ki dasa uku ko biyar a dunƙule, ki maimaita shi a wani wurin. Dogaye a baya, amma ki bar ɗaya ko biyu su matso gaba, shi ke ba lambun kamannin sakewa. A kowane wata daga Mayu zuwa Oktoba, ki rubuta sunan abin da zai yi fure. Watan da kika ga babu suna, nan giɓinki yake. In gidan haya ne, ki nemi izinin mai gida kafin ki kashe masa ciyawa.

Wani Malam daga Leeds ya rubuto: "Bara na sayi furanni a kanti a watan Afrilu na dasa. Dare ɗaya suka yi baƙi suka kwanta. Me ya faru?"

Malam, raɓar ƙanƙara ce ta kashe su. Kantuna na fito da dashe tun da wuri saboda rana ta ɗan leƙo mutane sun ɗokanta, alhali a Ingila dare na iya daskarewa har tsakiyar Mayu, a arewacin ƙasar da Sikotilan kuma har farkon Yuni. Furanni ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma kowane rukuni da lokacinsa.

Abin da za ka iya dasawa yanzu shi ne wardi. Daga Nuwamba zuwa Maris ana sayar da shi da saiwa tsirara, ba tukunya ba ganye, kuma ya fi arha. Jiƙa saiwar a bokiti na awa ɗaya ko biyu, ka dasa a ranar da ƙasa ba ta daskare ba kuma ruwa bai kwanta ba. Wardi mai hawa ɗaya a jikin katanga ya isa ya zama ƙashin bayan fangali. Waken ƙamshin nan da suke kira suwit-pi ma ana shuka shi yanzu a dogayen tukwane a bakin taga.

Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, in ka ga ƙananan ciyayi sun fara tsirowa da kansu, ƙasa ta ɗumama ke nan. Sai ka yafa masu jure sanyi kai tsaye a fangali: kalendula, fofi, da nijela, wadda 'yar'uwar habbatus-sauda ce, ka duba ƙwanson 'ya'yanta za ka gane. Waɗannan su ne mafi arha, kuma in ka bar su suka zubar da iri, baɗi da kansu za su dawo.

Marasa jure sanyi, irin su kosmos, ziniya da marigol, asalinsu daga Meziko ne. A rene su cikin gida a Maris ko Afrilu, a yi mako ɗaya zuwa biyu ana fitar da su da rana ana shigar da su da dare don su saba, sannan a dasa a ƙarshen Mayu. Su ne za su riƙe maka lambun daga Yuli har sanyi ya dawo, muddin kana tsinke furen da ya bushe.

Holihok, dogon nan mai kai mita biyu wanda danginsu ɗaya da kuɓewa da rama, yawanci sai shekara ta biyu yake fure. In kana son shi bana, sayi dashe. Tulif da dafodil kuwa lokacinsu ya wuce, tsakanin Satumba da Nuwamba ake binne su. Rubuta a kalanda.

Da zarar ka dasa, abokin gabanka shi ne dodon-koɗi, musamman marar ɓawo, mai cinye ƙaramin dashe cikin dare. An haramta ƙwayar maganin metaldihaid a Birtaniya tun Afrilun 2022 saboda tana cutar da tsuntsaye da dabbobi. Mai sinadarin ferik fosfet ita ce ta halatta. Ka bar dashe ya yi ƙwari kafin ka fitar, kuma ka riƙa zagayawa da tocila bayan isha'i kana tsince su.

Wata 'yar'uwa daga Landan ta tambaya: "Ina da yara ƙanana uku. Akwai furen da zan guje wa?"

Akwai, 'yar'uwa, kuma wannan tambayar ta fi sauran muhimmanci. Foksgilob, wanda kusan duk hoton lambun ƙauye za ki gan shi, guba ne daga saiwa har fure, yana taɓa bugun zuciya. Delfiniyam, lufin da akonait su ma haka, na ƙarshen ya fi su duka haɗari. 'Ya'yan suwit-pi ba na ci ba ne duk da kamarsu da wake. Kan dafodil kuma, wato dunƙulen da ake binnewa a ƙasa, kamar albasa yake, har a 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gargaɗi manyan kantuna su nisanta shi da kayan miya. Kada ki taɓa ajiye shi a kicin. Har yaran su yi wayo, ki tsaya kan wardi, lafanda, holihok, kosmos, furen rana, kalendula da nastoshiyam. Na biyun ƙarshe ma ana cin furensu. Lafanda dai ba ta son laka mai riƙe ruwa, in ƙasarki irin ta Landan ce ki sa ta a tukunya da tsakuwa.

Wani magidanci daga Manchester ya ce: "Uwargida furanni take so, ni kuma kayan miyarmu na gida. Filin ba zai ɗauki biyu ba."

Zai ɗauka, Alhaji, don haka aka san lambun tun asali. Alayyafo yana yi sosai in an shuka shi a farkon Yuni, jan nau'insa kuma ado ne a tsakanin furanni. Albasa da tafarnuwa su zauna a gaban fangali. Na'ana'a a tukunya kawai, in ba haka ba ta mamaye ko'ina. Tumatir da barkono a rene su cikin gida a Maris, su fita ƙarshen Mayu zuwa jikin bango mai fuskantar kudu. Kuɓewa sai da ɗakin gilashi. Yakuwa za ka ci ganye, amma kada ka sa rai da soɓorodo: ba ta fure sai yini ya gajarta, kafin nan sanyi ya cim mata. Kuma kada a cusa dashe daga gida a jaka, shigo da tsiro Birtaniya sai da takardar shaidar lafiyarsa.

Daga Kano wata malama ta ce: "Mu da ke nan fa, za mu iya irin wannan a tsakar gida?"

Tsarin za ki ɗauka, Malama, ba jerin furannin ba. Delfiniyam da lufin ba za su jure zafin Afrilu a Kano ba. Wardi ya fi jin daɗin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da tsaunin Mambila. Ke lokacin jiranki rani ne. Ki tara kashin awaki da na shanu tun yanzu, ki riƙa yayyafa masa ruwa kina juyawa har ya ruɓe ya daina zafi, don ɗanyen taki yana ƙone dashe yana kuma jawo gara. Ki zaɓi wurin da ke samun ranar safe da inuwar la'asar. Ziniya, kosmos, marigol da furen rana suna son zafinmu, ki shuka su in damina ta zauna a Yuni, ba da ruwan farko ba. Lalle ko zogale a baya, ɗaɗɗoya da yakuwa a tsakiya, fotulaka a baki. Fangalin ya ɗan ɗaga daga ƙasa saboda ruwan Agusta. In kina da rijiya ko famfo, ki sake shuka wani zubin a Oktoba, holihok da kalendula suna iya yi da ban-ruwa a sanyin hunturu. Kafin komai ki kafa shinge mai ƙarfi, saboda awaki da kaji.