Hoton Titanic a bakin tekun Niyok: na gaske ne ko haɗi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mai aski ne, an turo mana wani tsohon hoto a gurup ɗin WhatsApp, ƙaton jirgin ruwa ga dogayen benaye a bayansa, wai Titanic ne ranar da ya iso Niyok. Ina so in wanke shi babba in manna a shago amma wani kwastoma ya ce ƙarya ne. Ya zan gane, kuma ya zan yi ya fito ras?

Amsa: Malam mai aski, kwastoman nan naka ya fi ka gaskiya. Titanic bai taɓa taka Niyok ba, can ya nufa amma ya nutse a hanya ranar 15 ga Afrilun 1912, a tafiyarsa ta farko ma kuwa.

Kafin ka taɓa kowace manhaja fara ƙirga bututun hayaƙin da ke saman jirgin. Titanic huɗu gare shi, haka ɗan'uwansa Olympic, wanda shi kam ya yi ta zuwa Niyok tun 1911, kuma kamarsu kusan ɗaya ce, shi ya sa ake yawan liƙa wa hotonsa sunan Titanic. In uku ka gani to ka yi zargin Queen Mary na Ingila da ya fara aiki a 1936, ko Normandie na Faransa wanda gobara ta cinye a nan tashar Niyok ɗin a 1942. In biyu ne wataƙila Queen Elizabeth.

Sai ka zuƙo benayen, don su ne kalandar hoton, ni nan na fi jin daɗin aikin wallahi. In ka hango Empire State, dogon nan mai tsini, to an ɗauki hoton bayan 1931 ke nan, shekara 19 da nutsewar Titanic, magana ta ƙare. Benen Chrysler na 1930 ne, na Woolworth kuma 1913, su ma duk bayan nutsewar aka gama su. Daga nan ka buɗe hoton da Google Lens ko ka ɗora shi a TinEye, masu binciko hoto a intanet, galibi za su kai ka inda asalinsa yake har da sunan jirgin.

Batun wanki kuma, don Allah kar ka kai wa mai firinta wanda ke WhatsApp, an riga an matse shi, in aka buɗa shi zai fashe ya yi dishi-dishi. Ka shiga shafin Library of Congress ko na New York Public Library, manyan ɗakunan karatu ne a Amurka, suna da tsofaffin hotunan tashar jirgin da yawa, kuma akwai waɗanda ake saukewa kyauta. Ka zaɓi fayil mafi girma, irin wanda ake kira TIFF in akwai, amma yana cin data sosai, ka bari sai dare ko ka samu waifai. Takardar A3 tana son wajen fiksel 3500 da 5000 in ana son ta fito tsaf. In za ka tura wa mai firinta ka tura a matsayin dokumen, ba ta galari ba.

Su Remini mai ƙara wa hoto kyau da manhajojin saka kala ban hana ka ba, sai dai zato suke yi, ba sani ba. Na taɓa gwada wata a kan hoton Queen Mary, haruffan sunan da ke goshin jirgin suka koma wani rubutu da ba ya karantuwa, bututun da ya kamata ya zama ja da baƙin kai ya fito ruwan ƙasa. Ni dai da shagona ne, baƙi da farinsa zan wanke.