Me Banki Yake Nema Wurin Tsohon Mashawarcin Firaminista?

Tambaya: Na ji cewa Jonathan Powell, na hannun daman tsohon firaministan Birtaniya Tony Blair, ya kama aiki a bankin Morgan Stanley bayan ya bar gwamnati. Me banki zai yi da mutumin da bai taɓa harkar kuɗi ba?

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya, domin Powell jami'in diflomasiyya ne tun asali. Yana aiki a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Washinton Blair ya ɗauko shi ya naɗa shi shugaban ma'aikatansa a 1995, kuma ya riƙe wannan muƙami a fadar firaminista daga 1997 zuwa 2007. Yana cikin manyan waɗanda suka ja ragamar tattaunawa kan rikicin Ireland ta Arewa har aka ƙulla yarjejeniyar sulhu ranar 10 ga Afrilu, 1998.

Sashen da ya shiga a Morgan Stanley aikinsa shi ne ba manyan kamfanoni shawara idan za su haɗe ko za su sayar da hannun jari, da taimaka wa gwamnatoci wajen neman bashi ko cefanar da kadarorinsu. Irin wannan ciniki yana iya wargajewa saboda sa hannun minista guda, ko saboda wata hukuma ta ƙi amincewa. Masu lissafi bankin yana da su birjik; abin da yake ƙaranci shi ne mutumin da ya shekara goma yana ganin yadda ake yanke hukunci, ya san wanda ake kira, ya san lokacin da "muna dubawa" take nufin a'a. Shi kansa Blair ya zama mai ba bankin JPMorgan shawara a 2008.

A nan ne damuwata take. Sanayyar da aka samu a bakin aikin jama'a amana ce, kuma idan ta zama hajar sayarwa, jami'in da ke kan kujera yana iya fara lallaɓa waɗanda yake fatan su ɗauke shi aiki gobe. Shi ya sa ƙa'idojin Birtaniya suka tanadi a hana tsohon babban jami'i kamun ƙafa a gwamnati a madadin sabon ubangidansa na wani lokaci, wanda kan kai shekara biyu. A ganina wannan wa'adi ya yi kaɗan.

Powell dai bai daɗe a bankin ba. A 2011 ya kafa ƙungiyar Inter Mediate mai shiga tsakani a rikice-rikicen makamai, sannan a 2024 Firaminista Keir Starmer ya naɗa shi mai ba shi shawara kan tsaron ƙasa.