Kok ko katako: wanne ya dace da mariƙin sandar fatsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Na ba wani mai haɗa sanduna aikin sandar fatsa mai tsawon ƙafa 7, ta kamun ƙananan kifi da matsakaita a ruwan daɗi. Ya ce in zaɓi abin da zai yi mariƙin da shi, ko kok (ɓawon wata bishiya), ko soson EVA (wani soson roba), ko zaren kabon (siraran zare masu ƙarfi da ake saƙawa a daskarar da gam), ko katako. Ni dai katako ya fi kwanta mini a rai saboda kyansa. Wuni nake yi ina jifa, kuma tafin hannuna yana yawan zufa. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Tunda ka ambaci zufa da wunin jifa, ka haƙura da katako. Ni ma shi na fara so. Sandata ta farko da katako na yi mata mariƙi, na goge shi har yana ɗaukar ido. Wata safiya na cire kifi daga ƙugiya, hannuna duk yauƙi, na sake jifa ban goge ba, sai sandar ta sulluɓe, da ƙyar na cafko gindinta. Ga kuma nauyi, kafin la'asar wuyan hannu ya riƙe. In ranka ya nace, a sa ɗan guntunsa a mazaunin abin naɗe zare, ya zama ado.

Kok nake so ka ɗauka. Ɓawon wata bishiya ne, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, kuma kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi daga ƙasar Fotugal yake fitowa. Ba a sare bishiyar. Sai ta kai wajen shekara 25 a fara ɓare ta, daga nan kuma sai bayan shekara 9 a sake. Cikin ɓawon cike yake da ƙananan gurabun iska, shi ya sa ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa, kuma da sanyin asuba ba ya ƙandarar da yatsu. Ko ya jiƙe yana kama hannu. Abin da ya fi ɗaure ni da shi, idan ƙaramin kifi ya ɗan taɓa abincin ƙugiya, sai ka ji motsin a tafinka kafin idonka ya ga zare ya girgiza.

Amma fa kok suna ya tara. Zobe-zobe ake yanka shi, kowanne kaurin rabin inci, a jera a jikin sanda da gam, sannan a goge da samfefa. Marar kyau yana da ramuka da tsaga, sai a cike su da garin kok da aka kwaɓa, ya fito sumul kamar na gaske. Bayan 'yan watanni cikon ya zube, ka ga mariƙi kamar gara ta ci. Kada haruffan daraja da ake rubutawa su ruɗe ka, kowane mai sayarwa da nasa ma'aunin. Ka je wurin mai haɗin tun bai manna ba, ka ɗaga zoben a haske, ka danna da farce. Mai kyau zai ɗan lotsa ya dawo. Ka roƙe shi ya sa kok mai haɗe da roba a baki da gindi, don nan ne ke fara ɓantarewa.

EVA ba abin rainawa ba ne. Soso ne mai tauri irin na ƙasan takalmin gudu, ya fi araha, ya fi jure wahala. Da a ruwan gishiri kake, ko babban kifi kake ja, ko sandar tana wuni a soke cikin bututun riƙe sanda na jirgin ruwa, shi zan ce. Sai dai mai laushin cikinsa yana haɗiye motsin da kake son ji. Zaren kabon kuwa yana kawo motsi sosai, ba nauyi, amma yana da tsada, kuma in aka cika masa shafe mai sheƙi, hannu mai zufa zai sha santsi.

Kada a manna komai sai ka gwada kaurin. A ɗaura abin naɗe zaren da za ka yi aiki da shi, ka jiƙa hannu, ka riƙe, ka yi kamar kana jifa sau ashirin. In siriri ne da yawa za ka ga kana matse shi, yatsu su gaji. Ka kuma ɗora sandar a kan yatsa ɗaya, ya kamata ta daidaita kusa da inda hannunka ke zama.

TAMBAYA: Baba, mariƙin kok ɗina ya yi baƙi da dauɗa. In canza shi?

AMSA: A'a. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Ka bar shi ya bushe a inuwa. In da saura, ka bi shi da samfefa mai laushi a hankali, kada ka ci naman kok ɗin.