Amsar Gwaggo kan fure a tukunya da turare

'Yata, na ji tambayarki, wai ko sa fure a abinci da turare al'adarmu ce, ko kuwa daga Larabawa da Turawa aka kwaso. Tamu ce, sai dai ba ma kiransa fure idan ya shiga tukunya, shi ya sa kika kasa gane shi.

Zoɓon da kike jiƙawa da azumi fa? Yakuwa ce ta yi fure, furen ya kaɗe, kofin da ke riƙe da shi ya yi kauri ya yi ja, aka ɓare aka shanya. Ganyen na miya, 'ya'yan a yi daddawar batso, farin zoɓo kuma a rage masa tsami da ruwan toka a yi miya. Yau manoman Jigawa na cika buhuna da shi, daga kasuwar Maigatari har ƙasar Meziko. Kanumfarin da kike jefawa ciki shi ma fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba.

Wadda nake jin takaicin ɓacewarta ita ce itaciyar gurjiya. Da hunturu takan zubar da ganye ta yi jan fure, mata su tsinto, su cire gindin furen su shanya a inuwa, su daka. Miyarta na da yauƙi, ta dace da tuwon dawa sosai. An sassare itatuwan, 'yan matan yanzu ko sunan ba su sani ba.

Wajen ƙamshi, furen lalle ne kan gaba. Kowa ganyen ya sani, amma furen, fari ƙanana, a yanke da sassafe a busar, a ƙulle a ƙyalle a sa cikin adakar kaya, zani ya kama ƙamshi. Humra da turaren wuta kuwa matan Barno ne gwanaye, wajensu muka koya; suna haɗa kanumfari da sandal da farce, wato murfin wani dodon-koɗi na teku, su bar shi ya tsumu makonni. Kada ki yi masa gaggawa.

Abu ɗaya nake roƙonki: ba kowane fure ake ci ba. Zaƙami na haukatarwa har ya kashe, ruwan tumfafiya na lahanta ido. Furen ado na kanti kuma ana fesa masa magani. Idan za ki zo hutu ki taho da zoɓonki, in nuna miki miyar.