Shin in sari ragowar faifan FIFA 23?

Tambaya: Ina da shagon sayar da faifan wasannin PlayStation a Kano. Wani dila ya yi mini tayin ragowar FIFA 23 da araha, yana cewa tunda an daina buga shi, nan gaba zai yi tsada. In zuba jarina?

Amsa: Malam, gaskiya ne an daina buga shi. Tun 1993 kamfanin EA, mai yin wasan, yake amfani da sunan FIFA, amma da yarjejeniyarsa da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta ƙare, sai ya koma fitar da wasan da sunan EA Sports FC a 2023, ya kuma janye tsofaffin daga shagunan intanet. Idan wa'adin lasisi ya cika, kamfani ba shi da ikon buga sabon faifai, sai dai ɗan lokacin da yarjejeniya takan ba shi domin ya rabu da abin da ya rage a sito, shi ya sa ake yawan karya farashi gab da ƙarewar wa'adi. Hajar da ta riga ta shiga hannun 'yan kasuwa kuwa ba a hana sayar da ita.

Sai dai maganar tsadar nan ban yarda da ita ba. Wasan da yake daraja bayan an janye shi shi ne wanda ba shi da magaji, kamar Deadpool na kamfanin Activision, wanda aka cire daga kasuwa a 2014, aka dawo da shi a 2015, aka sake cirewa a 2017. Wasan ƙwallo kuwa duk shekara sabo yake fitowa, kuma suna da Gasar Kofin Duniya ne EA ya rasa, amma Firimiyar Ingila da Gasar Zakarun Turai suna nan a hannunsa. Yaron da ya shigo gidan gem da kuɗinsa so yake ya ga Mbappé a Real Madrid, a FIFA 23 kuwa yana PSG. Ga shi kamfanin yakan rufe wasa ta intanet a tsofaffin fitowa bayan 'yan shekaru.

Shawarata, ka ɗauki kaɗan na PlayStation 4 saboda masu neman na araha, kuma ka nemi dilan ya yarda ka mayar masa da duk wanda ya yi kwantai. Idan ya ƙi wannan sharaɗi, ka bar masa kayansa.